Akwatin Kananzir Mai Fuskar Madobiya

A gidan masassaƙa aka haife ni, a Tsafe, kuma tun ban isa ɗaukar tulu ba na san gizago ba rabona ba ne. Mace ba ta sassaƙa, haka muka tarar. Baba yakan zauna a rumfar ƙofar gida da gungume tsakanin ƙafafunsa, yana fitar da turmi da akushi da ƙotar fartanya. Yayana, wanda ya ba ni shekara shida, shi ake miƙa wa gizago. Ni nawa shara: in kwashe gutsattsarin itacen da suka zubo in kai wa Inna bakin murhu.

A sharar nan na yi nawa karatun. Kafin in zuba guntu a wuta sai na lashe shi na duba, don in itace ya jiƙe zanen cikinsa yake fitowa. Maɗaci layukansa sirara ne, a jere, ba hayaniya. Ƙirya duhu gare ta, sai ka ƙura ido. Madobiya kuwa ita ce 'yar gayu: ja, da baƙi-baƙi yana ratsa ta, yana lanƙwasa yana komowa. Na sha ranƙwashi wajen Inna saboda tuwo na jiran wuta ni ina can ina lasar itace.

Aure ya kai ni Bungudu, gidan manoma. Mijina mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma bai daɗe ba. Shekarar da ciwo ya yi ta ɗibar mutane ta haɗa da shi, ya bar ni da 'ya'ya mata biyu da uwarsa tsohuwa. Na ƙi komawa Tsafe in zauna ana auna mini hatsi. Na riƙe 'yar gonar da ya bari, da rani kuma ina bin gidaje ina yi wa mata daɓe da shafen ɗaki. A nan na saba da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a shafe ƙasa da bango ya yi duhu ya yi ƙarfi.

Lokacin matan fatake sun fara zuwa mana da labarin gadon katako da suka gani a Zariya. In suka zauna sai ka ce Makka suka je. Ni kuwa gadon ƙasa ne a ɗakina, kamar na kowa. Wata rana na gama shafa masa makuba, bai bushe ba, matsefina ya suɓuce daga kaina ya ja layi a gefensa. Na tsaya ina kallon layin nan, sai ka ce zanen cikin itace. Maimakon in shafe shi, sai na ƙara jan wani kusa da shi. Kafin la'asar na ɓata gefen gadon kaf, na sake shafewa, na sake ja. Surukata ta leƙo ta ce ko aljanu ne suka taɓa ni.

Wata uku ina fama kafin abin ya zauna. Ga yadda nake yi, don kada wani ya ce asiri ne. Da farko shimfiɗa: jar ƙasa da farar ƙasa, a tankaɗe su da kyau, a dama da ruwan ƙaro, a shafe, a bari ya bushe ƙayau, a goge da dutse mai santsi. Sannan makuba mai kauri wadda ta kwana uku a tukunya, da ɗan baƙin da ake kankarowa a rufin madafa. Ita ake shafawa a sama, kuma tun tana ɗanya za a ja ta, in ka tsaya sauraron gulma ta bushe, aiki ya lalace. Matsefi uku gare ni, na karya wa kowanne haƙora daban-daban don kada layin ya fito a jere kamar kunyar gona. Gashin fiffiken zabo nake bi da shi in tausasa layin. Inda nake son ido, wato gurbin da reshe ya fito, sai in naɗe babban yatsana da tsumma in murza. In ya bushe a bi da man kaɗe kaɗan, a goge har ya ɗauki ƙyalli. Aikin yana cin baya, yana kuma rina hannu. Tun daga shekarar nan tafin hannuna bai sake komawa kalarsa ba.

Matar farko da ta ga gadon ta tambaye ni wane mai kuɗi ne ke nemana da aure. Na ce ta ƙwanƙwasa ta ji. Ta ƙwanƙwasa, ta ji ƙasa, ta zauna a kai tana dariya har da hawaye. Daga ranar ban sake rasa aiki ba. Na yi gadaje, na yi bakin ƙofa, na yi ginshiƙin tsakar ɗaki. Kuma duk inda na gama, kalmata ɗaya ce: ƙwanƙwasa ki ji. Ban taɓa ce wa kowa itace ne ba. Daɗin abin ma a wurina ke nan, mutum ya san ƙasa ce, idonsa kuma ya ƙi yarda.

Da aka fara aikin hanyar jirgin ƙasa wajen Gusau, garin ya cika da baƙi, kantuna suka buɗe. Kananzir yana zuwa cikin gwangwani, gwangwanin kuma cikin akwatin wani farin katako mara nauyi, mai rubutun Nasara a jiki. Kafintocin da suka zo daga kudu sukan sa masa murfi su sayar da arha. Matan Gusau suka fara aiko mini da irinsa in yi masa fuska. Nakan je in yi kwana goma a gidan wata ƙawata, in yi aiki, in komo Bungudu da hatsi da 'yan kwabbai.

A wani irin wannan zuwan ne wata dillaliya ta kawo mini akwati ɗaya. Mace ce mai zaƙin baki, irin wadda za ta yabi ɗankwalinki tana auna abin da ke ƙarƙashinsa. Ta ce ta ji an ce ba a taɓa yin mai hannuna ba, amma tana shakka ko zan iya shafe akwati ciki da waje har gindi, yadda ko ta ina aka juya shi madobiya za a gani. A nan na yi wautata, kuma ba zan ɓoye ta ba. Ai ni ba a ce mini ba zan iya ba. Ban tambaye ta me za ta yi da akwatin da aka shafe wa gindi ba, alhali gindin akwati ƙasa kawai yake kallo. Kwana biyar na yi a kansa. Ban taɓa aikin da ya kai shi kyau ba.

Bayan wata biyu, ana tsakiyar girbin gero, wani maƙwabcinmu na Tsafe ya iso Bungudu da saƙo: Baba na nemana, kuma kada in tsaya. Na zaci ciwo ne. Na bar yara wurin kakarsu na kama hanya, na kwana Gusau, na wuce ta gindin duwatsun Kwatarkwashi, na sake kwana a hanya, ƙafata duk ta kumbura. Da hantsi na isa.

Lafiyar Baba lau, sai tsufa. Hannunsa ya fara rawa, ya ajiye gizago tun bara. Yana zaune a rumfarsa, Yaya na gefensa, da wasu dattawan masassaƙa uku, da wani Bafulatani mai furfura da ban sani ba. A tsakiyarsu ga akwatina. An ɗauke masa fuska a kusurwa ɗaya, farin katako ya fito, har da rabin harafin Nasara.

Ban ko gama gaisuwa ba Yaya ya ce, "Kin san akwatinga?"

Na ce, "Na san shi, Yaya. Ni na shafe shi."

Yaya ne ya ba da labarin, yana magana yana kallon dattawa, ba ni ba. Bafulatanin nan daga rugar da ke bayan 'Yankuzo yake. Ya ba dillaliya rago a kasuwar Mada ya karɓi akwatin don 'yarsa, domin ta rantse masa madobiya ce, kuma daga gidan masassaƙan Tsafe ta fito. Da murfin ya tsage, sai bawan Allah ya ɗauko shi ya kawo inda aka ce an yi shi. Yaya ya ce tun da ya ɗaga ya sani, don madobiya ba ta tashi a hannu ɗaya. Ya sa gizago ya ɗan shafta, ga abin da ya fito.

"Tun kakanninmu," in ji shi, "ba a taɓa maido muna da aiki anka ce ƙarya ta ba. Sai yau, ta hannun ɗiyar gida."

Na juya wajen baƙon na ce, "Malam, ka yi haƙuri. Ni shafe anka ba ni, ban san za a saida maka shi da sunan icce ba. Amma da ban shafe gindinai ba, da ka juya ka gani. Wannan laifina na, na ɗauka."

Mutumin ya fi kowa sauƙi a wurin. Ya ce shi ƙaryar ce ta ɓata masa rai, ragonsa kuma ya san inda zai bi sawunsa. Akwatin kam 'yarsa ta ce ko da takarda aka yi shi a komo mata da abinta. Har ya tambaya ko zan iya rufe inda aka shafta. Na ce yanzu ma, in an ba ni makuba. Na ga wuyan Yaya ya kumbura.

Sai can Baba ya ce, "Matso da shi nan."

Aka tura masa. Ya sunkuya har gemunsa na taɓa murfin. Ya daɗe yana bin layukan da yatsansa mai rawa. Tun ina yarinya ban taɓa yin abin da Baba ya tsaya ya duba ba.

"Wa ya koya miki wanga?"

"Sharar rumfarka, Baba."

Ya ɗora yatsa a kan idon da na fi alfahari da shi. "Nan kin yi kure. Madobiya ba ta zagaya ido da faɗi hakanga. Matse shi take yi, sannan ta saki." Ya ɗaga kai ya dube ni. "Sauran ya yi."

Da a nan aka tashi, da na koma Bungudu da gudu ba tare da na ji ƙafata ba. Amma Yaya bai tara dattawa don a yaba mini ba. Ya ce kyan abin ma shi ne haɗarinsa. Yau akwati, gobe turmi, jibi ba mai yarda da abin da ya fito daga gidan nan sai ya sa wuƙa ya kankara. Ya ce in rantse a gaban dattawa na bar aikin nan har abada, in koma daɓena. In na ƙi, to, kada in sake taka gidan.

Na dubi Baba. Ya sunkuyar da kai yana wasa da carbinsa. "Ni na aje gizago," ya ce a hankali. "Gida hannun yayanki shike yanzu."

Wannan ta fi mini zafi da duk abin da Yaya ya faɗa. Mutumin da ya gama cewa aikina ya yi, ya kasa ƙara kalma ɗaya. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, a lokaci guda.

Na gyara zama na ce, "Yaya, daga yau duk abin da na shafe zan bar mai gindi fari, kowa ya juya ya gani. Wannan na yi alkawari. Dillaliya kuma ba ta sake ganin hannuna. Amma aiki ba ni bari. Da shi nika ciyar da ɗiyana, kuma ko da ba ni da ɗiya ba ni bari. Ku kun samu gizago, ni abin da na samu ke nan."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Ke ɗiyata, a bi sannu."

Na ce wa dattijon, "Baba, sannu nika bi. Da ba sannu ba, da na tambayi wanda ya taɓa jin na ce ma wani ƙasa icce ta."

Na shiga ciki na gaida Inna, na sha ruwa, na roƙi makuba a maƙwabta na rufe wa Bafulatani kusurwar akwatinsa a bakin hanya, jama'a na kallo. Kafin azahar na juya.

Shekara biyu ban je Tsafe ba. Na cika alkawarina: duk akwatin da ya bar hannuna gindinsa fari ne, rubutun Nasara na nan ɓaro-ɓaro, gado kuma nakan bar tafin hannu guda ta bayan kai ba shafe. Wasu matan suka yi ta mita wai na rage musu kwalliya. Na ce wadda ba ta so ta nemi wata. Ba wata, don haka suka haƙura. Ido kuma na koma matse shi kamar yadda Baba ya ce, kuma gaskiyarsa, ya fi kama. Inna takan aiko mini da daddawa ta hannun fatake, ni kuma in aika mata da goro. Sau biyu na ɗaura niyyar zuwa da salla, sau biyu na kwance, don na san abin da za a tambaye ni a ƙofa.

Damina ta biyu Baba ya rasu. Kafin labari ya iso Bungudu an kwana biyu da binne shi. Na baro aiki ɗanye a ɗakin wata amarya na kama hanya cikin ruwa da taɓo.

Na tarar da maza zaune a rumfa ana karɓar gaisuwa, Yaya a tsakiya, a inda Baba yake zama. Na durƙusa daga nesa na yi masa ta'aziyya, ya amsa, ya yi mini tawa. Ya rame. Na tashi zan shige, sai ya taso ya tare ni a bakin zaure, ya rage murya don kada baƙi su ji. Idonsa na kan hannuwana, ga makuba sabuwa har wuyan hannu.

"Kin bari?"

"Ban bari ba, Yaya."

"To maganata na nan. Ki ce kin bari, ki shiga."

Na dube shi ina jiran ya ji kunyar ranar. Bai ji ba, ko kuma ya ji ya danne, mu duka jinin mutum ɗaya ne wajen taurin kai. Ban yi masa hayaniya ba, ba a yi a gidan mutuwa. Na zaga bayan gida inda wata tsamiya take jingine da dangar sashen Inna, na shimfiɗa mayafina na zauna. Na ce ubana ne ya mutu, zaman makoki kuma ba wanda ya isa ya hana ni, ko a kan hanya ne.

Kafin la'asar labari ya zaga. Mata suka riƙa shiga ciki su gaida Inna, su fito su zago su gaishe ni. Wata maƙwabciya ta kawo tabarma, wata ta kawo fura, ita ce kuma ta ba ni wurin kwana. Wasu sun zo don Allah, wasu sun zo kallo, duk na amsa musu. Kullum da safe in komo gindin tsamiya in zauna har rana ta faɗi.

Inna tana takaba, ba ta fita. A rana ta biyu da hantsi na ji motsi a bayan zana, sai muryarta, ta dushe don kuka.

"Ke ta?"

"Ni ta, Inna."

Ta raba zanar da yatsunta ta zuro hannu. Na kama. Ban ga fuskarta ba, sai gefen mayafi. Muka yi kuka mai isarmu. Ta ce Baba bai wahala ba, kwana uku ya yi. Ta ce ɗakin ya yi mata faɗi, tana son in shigo in kwana kusa da ita ko sau ɗaya. Sannan ta matse hannuna.

"Ki ce mai kin bari. Da baki kawai. In kin koma Bungudu wa zai bi ki ya gani? Ni ban faɗa ma kowa."

Wallahi na so. Ba abin da nake so a duniya a lokacin kamar in zaga in faɗi kalmar nan, in shiga in sa kaina a cinyarta. Taku ashirin ne tsakanina da zaure. Na buɗe baki, abin ya ƙi fita.

Na ce, "Inna, don ƙarya anka kore ni, ƙaryar da ban yi ba. Yanzu in yi ta gaske don a buɗe mani ƙofa? In na faɗa, Yaya ya yi gaskiya ke nan tun farko."

Ta ce, "Uwarki ta ka roƙonki."

Na ce, "Na sani, Inna. Ki gafarta mani."

Ba ta ce ta gafarta ba, ba ta ce ba ta gafarta ba. Ta riƙe hannuna har aka kira ta ciki, baƙi sun zo. Kowace safiya bayan nan takan zo ta zuro hannu mu gaisa, amma ba ta sake roƙona ba. Da aka yi sadakar bakwai na naɗe tabarmar mutane na mayar musu, na yi mata sallama ta cikin zana, na koma Bungudu na kankare aikin amaryar da ya bushe na sake shi daga farko.

Inna ba ta kai wata daminar ba. Rabona da fuskarta tun ranar da na shiga na sha ruwa a ɗakinta. Na tsufa yanzu, na aurar da 'ya'yana da jikoki da wannan hannun, kuma har yau in na tuna muryarta a bayan zana sai abinci ya fita raina. Ban ce na kyauta mata ba. Amma da za a mayar da ni gindin tsamiyar nan, ta sake zuro hannu ta roƙe ni, amsar da zan ba ta ke nan.